Daga Ramin Kuza Zuwa Takardar WAEC: Shin Sakandare Tana Shirya 'Ya'yanmu Zaman Duniya?



Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, gardama iri ɗaya ce take tashi a majalisunmu, a bakin masallaci bayan La'asar da teburin mai shayi da dare. Wani uba ya ce shekara shida ya yi yana biyan kuɗin makaranta, ga yaro ya dawo gida yana zaman kashe wando, da ya san haka ne da tun farko gareji ya kai shi. Wani ya ce a'a, a zamanin nan wanda bai yi sakandare ba ko fom ɗin banki sai an cike masa. Kowa da hujjarsa, kuma maganar tana da nauyi, domin a kanta ne ake yanke shawarar cire yaro daga aji uku, ko a aurar da yarinya saura wata biyar ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ko a sayar da akuyar uwargida a biya kuɗin rajista.

Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, ban zauna a ajin sakandare ba. Amma na biya wa 'ya'yana, kuma yaran da suka gama ta suna zuwa rumfata neman aiki. Abin da nake so mu yi a nan shi ne mu waiwaya, tunda masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, mu ga yadda makarantar nan ta zo mana a Vom da kewaye, me ta yi wa iyayenmu, me ta yi wa sa'o'ina, kafin mu yanke mata hukunci a kan 'ya'yanmu. Kuma idan na ce nasara a rayuwa, ga abin da nake nufi: mutum ya ci da kansa ta hanyar halal, ya riƙe iyalinsa, ya tsare mutuncinsa, jama'a kuma su amfana da shi. Da wannan mudun zan auna.

Kafin takarda ta iso

Tun kafin Turawa, Hausawa sun san kuza. Mutanen Liruwe suna narka ta suna fitar da ita sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Da Turawa suka hau dutsen Filato a farkon ƙarni na 20 suka buɗe ramuka, sai suka buƙaci dubban hannuwa. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso wannan yanki a 1914, babban layi kuma ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. Ta nan kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno. Wasu leburanci ya kawo su, wasu pawa, wasu ɗinki, wasu fataucin hatsi da goro da shanu, wasu kuma malamai ne da suka biyo jama'a da allunansu. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kama Malaya inda Ingila take samun kuza, gwamnati ta yi ta ɗibar mutane da tilas daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, aka zube su a barikokin kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Da yawa sun mutu, wasu sun koma gida, wasu sun zauna.

Nan Vom kuwa shanu ne suka ɗaga sunanta. A 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a nan, saboda annobar bushiya da take karkashe shanu, kuma sanyin wurin ya dace da aikin haɗa magani. Wannan ma'aikata ce ta girma ta zama cibiyar da duk Nijeriya take karɓar allurar riga-kafin dabbobi daga gare ta. Inda aka tara ma'aikata kuwa dole a sami mahauci da tela da mai tireda da dillalin shanu. To mu ke nan.

Waɗannan mutane ba su da takardar kowace makaranta, amma kada wani ya ce ba a shirya su ba. Tsarinsu hawa biyu ne. Na farko makarantar allo, inda yaro yake koyon karatu da ladabi da jure wahala, wasu har su iya rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Na biyu gidan ubangida. Yaro ya shiga hannun mahauci ko bafatake ko tela yana ɗan shekara goma sha biyu, ya fara da shara da ɗaukar kaya, a hankali a bar masa ciniki, a aike shi da kuɗi a ga ko zai dawo da canji daidai, a tura shi Kano ko Lafiya shi kaɗai. Bayan shekaru, idan ubangida ya gamsu, ya yi masa aure ya ba shi jari. Ranar da aka sallame shi ya riga ya san masu saye da masu sayarwa, su ma sun san shi. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, wanda ya taso daga fataucin goro na Gwanja ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ta irin wannan hanya ya bi.

Sai dai tsarin yana da iyaka. A kamfanin kuza Bahaushe yakan kai helma ko ɗan kwangilar kawo lebura, amma kujerar akawu da ta mai awo da ta mai kula da sito, waɗanda suka yi boko daga Kudu ne a kai. Wanda ya haƙo kuzar ba shi yake rubuta nauyinta a littafi ba, kuma abin da aka rubuta shi ake biya.

Makarantu sun kewaye mu

A ƙasashen sarakunan Musulmi Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan shiga, gwamnati da En'e ne suka riƙe boko. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma abin lura, har da sashen koyar da sana'ar hannu a cikinta. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ita ce Barewa ta yau.

A Filato abin ya sha bamban, domin nan an bar wa mishan fili. Mishan ɗin SUM ya kafa asibitin Vom a 1922, ya buɗe cibiyar horar da malamai a Gindiri a 1934, sannan sakandaren maza ta Gindiri a 1950. 'Yan Katolika suka buɗe Kwalejin St. Joseph a nan Vom a 1958. Gwamnati tana da sakandarenta a Kuru, ga kuma makarantar koyon sana'a ta Bukuru da aka buɗe a farkon shekarun 1950. A cikin ma'aikatar dabbobi kanta an kafa makarantar horar da malaman dabbobi a 1941, daga baya aka ƙara ta koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ƙauyuka kaɗan ne a duk Arewa aka tara musu makarantu a kusa kamar yadda aka tara wa Vom.

To me ya hana iyayenmu tura mu? Kada mu yi musu rashin adalci. Mafi yawan makarantun da ke kusa na mishan ne, uba kuma yana tsoron ya kai ɗansa da suna ɗaya ya dawo da wani. Na biyu, kasuwa tana ci a lokacin. Yaron da ya shiga pawa yana ɗan shekara goma sha biyar yana kawo kuɗi gida tun kafin sa'ansa na makaranta ya gama sayen littattafai. Na uku, da yawansu ba su ɗauki nan a matsayin gida na har abada ba, kullum zancen shi ne idan an tara abin da aka tara za a koma. Ba a koma ba, ga mu jikoki har da tattaɓa-kunne. Maƙwabtanmu Birom da sauran ƙabilun Filato kuwa sun rungumi makarantun nan hannu biyu, kuma 'ya'yansu ne suka zama malamai da ma'aikatan jinya da jami'an gwamnati da muke zuwa gabansu yau da takarda a hannu.

Lokacin da takarda take ci

Daga 1954, da Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa, gwamnatinsa ta dage a kan a cike kujerun aiki da 'yan Arewa. Kujeru sun yi yawa, masu takarda sun yi kaɗan. A wannan zamani wanda ya gama midil ma aiki yake zaɓa, balle wanda ya gama sakandare. Tun yaro bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba ake zuwa makaranta ana zawarcinsa: soja, ɗan sanda, reluwe, gidan waya, banki, kamfanin kuza na ATMN a Bukuru, ma'aikatar dabbobi. Da aka ƙirƙiro Jihar Binuwai da Filato a 1967, sannan Jihar Filato a 1976, sai sababbin ma'aikatu suka ƙara buɗe baki. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, ma'aikaci ya sayi babur da rediyo a wata ɗaya.

A nan ne tunanin da yake damunmu yau ya samo asali, wato cewa sakandare ƙofar ofis ce. Kuma a lokacin gaskiya ne. Amma mu lura da abu biyu. Na ɗaya, makarantar wancan lokaci 'yan kaɗan take ɗauka, ta kwana ce, ga abinci ga littattafai ga malamai isassu, har da gonar makaranta. Na biyu, ita kanta ba ta gama shirya kowa ba. Idan ka shiga reluwe su horar da kai, idan ka shiga ma'aikatar dabbobi a mayar da kai aji a koya maka allura da duba jini, idan banki ne ka yi shekaru a ƙarƙashin wani. Wato ma'aikatar ce ta zama ubangida. Sakandare ta ba ka karatu da lissafi da Turanci, ubangida na zamani ya ɗora maka sana'a. Hawa biyun nan na kakanninmu yana nan, kaya kawai ya sauya.

'Yan UPE da rufewar ƙofa

Ga inda labarin ya shafi sa'o'ina, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shekarun nan da kyau.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. A wannan karon iyayenmu sun saki jiki, domin makarantar ta gwamnati ce, kuma makarantun Islamiyya sun riga sun nuna musu cewa zama a kan benci gaban allon bango ba ya fitar da yaro daga addini. Wannan shi ne karo na farko da 'ya'yan unguwanni irin tamu suka shiga boko da yawa.

Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1976 ya gama firamare a 1982. A shekarar ce aka fara sabon tsarin 6-3-3-4: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Niyyar tsarin mai kyau ce ƙwarai. An ce a shekara ukun farko kowane yaro zai taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da lissafin kasuwanci, wanda kansa ya fi ja wajen littafi ya wuce babbar sakandare, wanda hannunsa ya fi ƙwari ya tafi makarantar sana'a ko wajen mai sana'a, kowa ya fita da abin yi. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Turai ta Gabas aka rarraba wa makarantu. A makarantu da yawa a faɗin ƙasar nan injunan sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Yara suka koyi zarto da guduma a zane a kan allo, suka haddace sunayensu, suka rubuta a jarrabawa.

Yanzu ku dubi abin da yake faruwa a waje suna cikin aji. A 1984 gwamnati ta yi korar ma'aikata mai yawa. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kamfanonin da suka rage a Filato suka durƙushe, aka bar mana ramuka cike da ruwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, ɗaukar aiki ya ja baya. A 1988 rukunin farko suka rubuta sabuwar jarrabawar kammala babbar sakandare. Ke nan iyayenmu sun yi shekara hamsin suna jinkiri a bakin ƙofa, ranar da suka tura 'ya'yansu gaba ɗaya, yaran suka iso suka tarar ana rufe ta.

Gwamnati ta gane akwai matsala, shi ya sa ta kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE a ƙarshen 1986, kuma cikin manyan shirye-shiryenta har da tura matasa wajen masu sana'a su koya. A taƙaice an koma neman ubangidan da aka raina. Sa'o'ina da yawa da suka gama sakandare a shekarun nan kasuwa suka dawo suka same mu, mu da muka riga su da shekara shida ko goma. Daga nan ne maganar nan ta "boko ba ta da amfani" ta sami gindin zama a bakin mutanenmu. Wanda ya faɗe ta ba ƙarya ya yi a kan abin da idonsa ya gani ba, sai dai shekara goma kawai ya gani daga cikin tarihin shekara ɗari.

Takarda ta biyu

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Yaronmu ko ya fito da sakamako mai kyau, idan ya je neman gurbin karatu ko tallafin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa, amma sau da yawa sai ya tafi garin da kakansa ya baro, inda ba wanda ya san shi, ya nemi wanda zai tsaya masa. Wasu su samu, wasu su gaji su bari. Wannan matsala ba a Filato kaɗai take ba, duk Nijeriya ce, kuma ɗan Filato da aka haifa a Kano ko Sakkwato yana shan irinta.

Sannan ga rikice-rikicen da suka auka wa yankin nan: Satumban 2001, Nuwamban 2008, da Janairun 2010 wanda ya iso har Bukuru da Kuru. Babbar kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, jarin dubban mutane ya tafi a dare ɗaya, iyayen gida da yawa da suke riƙe da yara suka koma neman mai riƙe su. Unguwanni suka rabu, makarantu ma suka rabu. A da babban abin da sakandare take ba yaro, ko da bai ci jarrabawa ba, shi ne abokai: ɗan Birom da ɗan Angas da ɗan Ibo da Bahaushe a benci ɗaya, bayan shekara ashirin ɗaya ya tarar da ɗaya a ofis ya ce wannan ɗan ajinmu ne. Yau yara da yawa suna gama makaranta ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan asara ce da ba ta fitowa a takardar sakamako, amma tana fitowa ranar neman aiki da ranar tashin hankali.

Me take bayarwa yau?

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE, wanda ya mayar da karatun shekara tara na farko wajibi. A 2011 aka shigo da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da darussan sana'a 34, irin su kiwon dabbobi, kiwon kifi, ɗinki, girki da gyaran wayar hannu, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Niyya irin ta 1982 ce, cikas ɗin ma iri ɗaya ne: inda babu keken ɗinki a makaranta, ɗinki ya zama abin haddacewa.

Idan na auna da mudun da na ambata a farko, ga abin da nake gani a kasuwa. Yaron da ya yi sakandare da gaske, ba wanda aka saya wa amsa ba, ya fi saurin kama abubuwa da yawa. Yana karanta takardar maganin feshi ya san awo da ranar lalacewa. Yana rubuta wa mai saye na Fatakwal ko Legas saƙo a waya su fahimci juna ba tare da tafinta ba. Yana riƙe littafin shiga da fita, ya gane saƙon banki na gaskiya da na damfara, ya tsaya gaban jami'in haraji ko ɗan sanda ya yi magana ba tare da rawar murya ba. Kasuwancin dankalin Turawa da kabeji da karas da muke lodi zuwa Kudu yanzu rabinsa a waya ake yin sa. Yarinyar da ta yi sakandare kuwa ta fi sanin katin riga-kafin ɗanta da awon ciki da duba aikin gida na yara. Kuma kiredit a jarrabawar kammala sakandare shi ne mabuɗin duk wata makaranta ta gaba. Wanda ba shi da shi, ko kwalejin da take bayan gidansu ba zai shiga ba.

Abin da ba ta bayarwa kuma a fili yake. Ba ta ba yaro sana'ar da zai ci abinci da ita washegarin gama jarrabawa. Ba ta koya masa haƙurin tsayuwa a rumfa daga safe zuwa Magariba, ko yadda ake karɓar bashi a biya a kan lokaci. Wani lokaci ma tana cusa masa girman kan da zai hana shi ɗaukar buhu. An taɓa kawo mini yaro da takarda mai kiredit bakwai, na ba shi rasit ya rubuta buhu goma sha biyu a kan farashi kaza, ya kasa fitar da jimla sai da waya. Wannan ba laifin karatu ba ne, laifin cibiyoyin nan ne da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo, kuma mu iyaye mu muke kai kuɗin. Uban da ya saya wa ɗansa sakamako ya koya masa darasi ɗaya da zai riƙe har abada, cewa ana iya cin abin da ba a yi wahalarsa ba. Sannan duk shekara a 'yan shekarun nan sama da yara miliyan ɗaya da rabi suke rubuta JAMB, guraben kuma ba su isa ba. Wanda duk shirinsa jami'a ce, idan bai samu ba ya tsaya cak.

Amsata ke nan ga tambayar da ke kan wannan rubutu: sakandare tana yin rabin aikin, kuma rabin nan ya zama dole a zamanin nan. Ɗaya rabin a da ma'aikatun gwamnati da kamfanoni ne suke yi, kafin su kuma iyayen gida na kasuwa. Na farkon sun janye, na biyun mun bari sun yi rauni.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan ba. A Jamus yaro yakan yi shekara biyu zuwa uku da rabi yana raba mako tsakanin makaranta da wurin aiki, ana biyansa ɗan abin kashewa, ya fita da takarda da sana'a tare. Kusa da mu kuma ga 'yan'uwanmu Ibo masu kayan gyaran mota da kayan gini a Jos: yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, a sallame shi da jari, kuma da yawansu yanzu sai sun gama sakandare suke shiga. Abin da suke yi namu ne na da, su ba su yar ba.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu, ga iyaye da kwamitin unguwa.

Ta farko, kada a cire yaro daga aji uku don a kai shi sana'a, kada kuma a jira sai ya gama aji shida kafin a nema masa. A haɗa. Ranar Asabar da lokacin hutu ya kasance yana da wurin zuwa, gareji ko shagon ɗinki ko lambu ko rumfa, tun daga aji ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu masu rumfuna da masu gareji kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu da ba nasa ba, da sharaɗin ba zai bar makaranta ba, kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu a kan shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi.

Ta biyu, mu buɗe ido mu ga abin da yake gabanmu. Mutane suna tahowa daga Maiduguri da Inugu su yi karatun lafiyar dabbobi da aikin ɗakin gwaje-gwaje a Vom, ga kwalejin koyon jinya da ungozoma, ga kwalejin fasaha a Bukuru, ga hedikwatar hukumar ITF mai horar da ma'aikata a Jos. Mu da muke cinikin shanu da kaji tun kakanni, 'ya'yanmu nawa ne suke da takardar malamin dabbobi? Yaron da ya tashi a kara ya san saniya mai ciwo tun daga nesa, idan ya haɗa da karatun nan ba zai jira gwamnati ta ɗauke shi ba, makiyaya da masu gidan kaji za su neme shi har gida.

Ta uku, 'ya'ya mata. Muna ƙorafi idan matanmu suka je asibiti ba su sami mace ta duba su ba, alhali ba a zama ungozoma sai da kiredit biyar. Idan miji ya fito yarinya tana aji biyar ko shida, a sa sharaɗin kammalawa cikin maganar aure tun ranar tambaya, waliyyai su tsaya a kai.

Ta huɗu, a kafa asusu a unguwa na biyan kuɗin jarrabawa ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, kuma a yi alkawari ko kwabo ba za a kai cibiyar sayen amsa ba. Matasanmu da suka yi jami'a su ba da yamma biyu a mako su koyar da lissafi da Turanci a ajin Islamiyya idan an tashi. Dattawa kuma su taimaka wa yara a kan takardar indijin tun suna aji huɗu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake da gyara a kan shekarun da na kawo, ko dattijon da ya ga zamanin kamfanin kuza da idonsa yana da abin ƙarawa, ya aiko wa wannan mujalla, yaranmu suna buƙatar ji daga bakinsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya.